Mijina ma'aikacin gwamnati ne ya rasu: me iyalinsa za su samu, kuma a hannun wa?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa maigidanta ya rasu wata biyu da suka wuce, a haɗarin mota, yana hanyar komawa gida daga ofis. Shekara 16 ya yi yana aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya. Ya bar mata biyu: ita uwargida da 'ya'ya huɗu, maza da mata, sai amarya mai ɗa ɗaya da kuma juna biyu. Mahaifiyarsa na raye, mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Ƙaninsa ya ce sunansa ne a takardun ofis a gurbin nes-of-kin (makusancin da ma'aikaci ke rubutawa a fom ɗin aiki), saboda haka duk abin da zai fito hannunsa zai shiga. Wata 'yar'uwarta kuma da ke zaune a Ingila ta gaya mata cewa a can gwamnati tana biyan matar da mijinta ya mutu. Tana son ta san ko akwai irin wannan a Najeriya, da kuma gaskiyar maganar ƙanin mijin.

Amsa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari, ke da abokiyar zamanki ya ba ku haƙurin rashi.

'Yar'uwarki ta faɗi gaskiya, amma gaskiyar Ingila. Tun watan Afrilun 2017 suke da wani tsari da mai yara ƙanana ke karɓar fam 3,500 a dunƙule, sannan fam 350 duk wata har wata 18, wadda ba ta da yara kuma fam 2,500 da fam 100 duk wata, muddin mamacin ya biya kuɗin inshorar ƙasa lokacin yana aiki. A Najeriya babu wannan. Babu ofishin da mace za ta je ta ce mijina ya mutu, a buɗe mata fayil a fara ba ta wani abu don kawai ta zama gwauruwa. Na fara da wannan ne don kada wani ya karɓi kuɗinki da sunan zai sa ki a jerin masu tallafin zawarawa.

Abin da ke akwai ya fi tallafi ƙarfi, domin haƙƙi ne. Gumin mijinki ne da aka riƙa yanka daga albashinsa, da kuma abin da doka ta ɗora wa wanda ya ɗauke shi aiki. Matsalar kawai ba a wuri ɗaya yake ba. Na yi shekaru a teburin fansho na wata ma'aikata kafin in ajiye aiki, kuma abin da na fi gani shi ne iyali su bi kuɗi ɗaya, su karɓa, su yi godiya su tafi, alhali akwai wasu biyu ko uku da ba wanda ya gaya musu.

Na farko shi ne asusun fanshonsa. Tunda shekara 16 ya yi, ya shiga aiki bayan 2004, wato yana ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo da aka kawo a zamanin Obasanjo, aka sake wa dokar fasali a 2014. A ƙarƙashin dokar 2014 ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusu mai sunansa a wajen kamfanin kula da fansho, waɗanda ake kira PFA. Kafin 2014 kashi bakwai da rabi ne daga kowane ɓangare. Kuɗin ba kwance suke ba, ana juya su, riba na hawa. Duk abin da ya taru a ciki na magada ne. Ki duba wayarsa ko takardar albashinsa, za ki ga sunan kamfanin da wata doguwar lamba da ta fara da haruffan PEN. Wannan lambar ita ce mabuɗin fayil ɗin, ki rubuta ta a wuri biyu.

To ga inda maganar ƙanin mijinki ta rushe. Sashe na 8 na dokar 2014 bai ce a ba nes-of-kin ba. Cewa ya yi kamfanin fansho zai saki kuɗin ne idan an kawo masa wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu da ta naɗa masu kula da dukiyar mamaci, sannan PenCom, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho ta ƙasa, ta amince, kuma a raba bisa wasiyyar ko bisa dokar da ta shafi mamacin a rayuwarsa. Ga Musulmi, wannan dokar ita ce Shari'a. Nes-of-kin mutum ne da ofis zai kira idan wani abu ya faru, shi ke nan. Mu ne muka ɓata lamarin da muka riƙa fassara kalmar da "magaji", har mutane suka ɗauka wanda aka rubuta shi ne mai gado.

Na sha jawo fayil in ga fom ɗin ranar kama aiki, takarda ta yi ja don tsufa, hoton mutum yana saurayi ko gemu babu, a gurbin nes-of-kin ya rubuta wansa ko ƙaninsa domin a lokacin ba shi da mata. Ya yi aure, ya ƙara, ya tara 'ya'ya takwas, bai taɓa komawa ya canja ba. Ina kyautata zaton haka ta faru da maigidanki. Mazan da ke karanta wannan kuwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake shafa wa naka.

Bari in nuna miki da lissafi, don ki ga inda kowa ya tsaya. Mu ƙaddara bayan an biya bashin da ake bin sa, an fitar da wasiyya in ya yi (ba ta wuce sulusi), abin da ya rage Naira 4,800,000 ne. Ku matan biyu kuna da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, Naira 600,000, kowacce 300,000. Mahaifiyarsa tana da sudusi, Naira 800,000. Ragowar 3,400,000 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ƙanin fa? Ko sisi. Inda akwai ɗa namiji, ɗan'uwan mamaci ba ya gado. Wannan ba ra'ayina ba ne, kowane alƙali haka zai gaya masa. Sai dai ki sani, tunda amarya na da ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo har ta sauka, domin abin da ke cikin ma magaji ne, kuma sai an ga namiji ne ko mace. Dakatar da rabo bai hana a fara bin takardu ba. Kafin kuɗin su fito ma ta haihu, in Allah ya yarda.

Na biyu shi ne inshorar rai ta ma'aikata, kuma sau da yawa ta fi abin da ke asusun fansho yawa, musamman ga wanda bai daɗe a aiki ba. Dokar 2014 ɗin dai, a sashe na 4, ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsu na shekara ba. Idan albashin mijinki da alawus-alawus ɗinsa Naira 150,000 ne a wata, a shekara 1,800,000 ke nan, inshorar ta kama 5,400,000. Ba a cire masa ko kwabo don wannan ba, nauyin ma'aikata ne. Ba a kuma duba ko a bakin aiki ya rasu ko a gadonsa. Sharaɗin kawai ya rasu yana ma'aikaci. Ga hukumomin da ke karɓar albashi daga baitulmalin tarayya, Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ne ke riƙe da tsarin, takardunku za su bi ta sashen ma'aikata na hukumarsa su isa can. Hukumomin da ke biyan kansu daga kuɗin shigarsu su ke sayen tasu inshorar. Idan aka ce miki ai a shekarar ba a biya kamfanin inshora ba, kada ki juya ki tafi. Dokar ta ce wanda ya kasa yin inshorar shi zai biya iyalin daga aljihunsa.

A nan ne nake so ki buɗe ido sosai, don a nan kaɗai ƙanin mijinki zai iya samun ƙofa. A tsohuwar dokar 2004, kuɗin inshora asusun fansho suke shiga, su haɗu da sauran. Dokar 2014 ta canja: kamfanin inshora zai biya wanda mamacin ya ambata da sunansa a matsayin mai cin gajiyar inshorar. Fom ɗin wannan daban yake da na nes-of-kin, kodayake mutane kan cika su rana ɗaya da suna ɗaya. Saboda haka tambayar farko da za ki aika a yi a ofishinsu ita ce: wa ya rubuta a fom ɗin inshora? In ku ne da yara, alhamdu lillahi. In bai rubuta kowa ba, za a koma ga takardar kotu. In kuwa ƙanin ne, to ku rubuta wa shugaban sashen ma'aikata wasiƙa tun yanzu, ke da amarya ku sa hannu, ku ce mamacin ya bar mata biyu da marayu da uwa, kuna roƙon kada a saki komai sai kotu ta tantance magada. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ku riƙe. Za ki ji malamai sun kasu biyu a kan irin wannan kuɗi: masu cewa gado ne a raba shi bisa ƙa'ida, da masu cewa kyauta ce daga ma'aikata ga wanda aka ambata. Ni ba malami ba ne, alƙali ne zai yanke. Abin da na sani daga tebur shi ne, kuɗin da ba su fita ba ana iya tsayar da su da takarda ɗaya, waɗanda suka riga suka shiga aljihun mutum kuwa sai an yi shekaru ana shari'a, zumunci ya lalace, ƙarshe a samo rabi.

Na uku kusan ba wanda ke nemansa, ke kuwa ya shafe ki kai tsaye saboda yadda mijinki ya rasu. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ke gudanarwa. Masu ɗaukar ma'aikata na zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya, don a biya diyya ga wanda ya ji rauni ko ya mutu ta dalilin aiki. Dokar ba ta tsaya a harabar ofis ba, ta haɗa da haɗarin da ya faru a hanya tsakanin wurin aiki da gidan ma'aikaci. Inda mamaci ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye da suka dogara da shi, abin da ta tanada shi ne biyan kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata, in ɗa ɗaya ne kashi 85, kuma ana lissafa yaro har ya kai shekara 21 ko ya gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. A misalinmu na 150,000, Naira 135,000 ke nan a wata ga gidan baki ɗaya. Ki kwatanta da tumunin da na lissafa miki a sama, za ki ga wanne ne zai riƙe tukunya.

Abu biyu ne ke kashe wannan haƙƙi. Ɗaya, ba kowace ma'aikata ce ke zuba kason nata ba, sai an tambaya. Na biyun wa'adi: a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya daga ranar rasuwa. Akan ɗaga ƙafa zuwa shekara uku in akwai uzuri mai ƙarfi, amma kada ki dogara da wannan. Wata biyu sun riga sun tafi. Abin da zai tsaya miki shi ne rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra da ya nuna wuri da lokaci, da shaidar cewa ya je aiki ranar, ko rajistar sa hannu ko wasiƙar shugabansa. Haɗarin da ya faru ƙarfe biyar na yamma a kan hanyar gidansa ba ya buƙatar dogon bayani. A nemo rahoton yanzu, tun waɗanda suka je wurin ba a yi musu canjin wurin aiki ba.

Sauran ƙanana ne, amma ƙananan ne ke fitowa da wuri. In ana cire masa kashi biyu da rabi na asusun gidaje na ƙasa, ana mayar wa magada ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun tanadi kuɗin jana'iza ga wanda ya rasu yana aiki. Mu da muke binnewa a ranar ba ma tunawa da shi, amma a tambaya. Akwai albashi ko ƙarin girma da bai karɓa ba. Akwai ƙungiyar adashin ma'aikata ta ofishinsu, da ƙungiyar ƙwadago, waɗanda galibi suna da abin da suke ba iyalin mamba. In kuma ya ci bashin albashi a banki, kafin ku fara sayar da fili don biya, a tambaya ko akwai inshorar rai a jikin bashin, domin sau da yawa akwai, ita ce za ta biya.

Yanzu takardu. Dukkan ƙofofin nan mabuɗi biyu ne ke buɗe su: shaidar rasuwa da takardar kotu.

Shaidar rasuwa iri biyu ce, kuma ki nemi duka. Akwai ta asibiti, wadda likita ya rubuta dalilin mutuwa, akwai kuma satifiket na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ke da ofis a sakatariyar ƙaramar hukuma. Mu a nan mutum kan cika da asuba a gida, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba likitan da ya gan shi. Irin wannan sai an haɗa da rantsuwar kotu da wasiƙar mai unguwa ko limamin da ya yi masa salla. Naki da sauƙi, tunda haɗari ne, da wuya a ce ba a bi ta asibiti ba.

Takardar kotu kuwa hanya biyu ce. Sashen kula da gadon mamata na Babbar Kotun Jiha na ba da takardar naɗa masu kula da dukiya, wadda a ofis za ki ji ana ce wa "leta" kawai. Ana cika fom, a lissafa dukiyar, a biya wani kaso da ya bambanta daga jiha zuwa jiha, a buga sanarwa a jira ko wani zai yi jayayya. A jihohin Arewa kuma kamfanonin fansho kan karɓi umarni mai hatimi daga babbar kotun yanki ko ta Shari'a. Shawarata, kafin ku kashe ko Naira ɗaya, a je kamfanin fanshon da bankinsa a ce su ba da jerin abin da suke buƙata a rubuce, domin wasu bankunan kan dage sai ta Babbar Kotu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, za a kashe kuɗi, amma kada a kashe sau biyu.

Kuskure biyu ne na fi gani a wannan takarda. Na farko a manta a sa kuɗin fansho cikin jerin dukiya. Na tuna wata mata da ta zo mini da takardunta a baƙar leda, an naɗe su cikin ɗankwali, ta yi wata bakwai tana bin kotu. Leta ta fito tsaf, an rubuta gida, an rubuta babur, an rubuta asusun banki, babu sunan kamfanin fansho, babu lambar PEN. Kamfanin ya ce ba zai biya abin da kotu ba ta ambata ba, kuma da gaskiyarsa. Sai da ta koma aka yi gyara, damina ta wuce. Ki tabbata an rubuta fansho da sunan kamfani da lamba, an rubuta inshora, an rubuta kowane asusun banki.

Na biyu shi ne wa aka naɗa. Al'adarmu ce mace na takaba, maza su tafi kotu su dawo da takarda mai sunayensu su kaɗai. Ba duka ne da mugun nufi ba, wasu tausayi ne. Amma wanda sunansa ke kan takardar shi banki ya sani, shi zai sa hannu a fitar da kuɗi. Ki dage sunanki ya shiga, na amarya ma ya shiga, a lissafa yaran ɗaya bayan ɗaya da takardun haihuwarsu. A buɗe asusu na musamman da sunan dukiyar marigayi, wanda ba a cire komai sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Ba na kuma ganin hikimar ki ware amarya. Na san zaman kishi, na san akwai abin da aka faɗa wa juna da ba a manta ba. Amma duk fayil ɗin da na ga ya kwana shekara uku, huɗu, in ka bincika ba gwamnati ce ta fara riƙe shi ba: wata ce ta kai ƙara cewa an ɓoye 'ya'yanta, kamfani ya ɗaga hannu ya ce sai kun daidaita.

Sai batun suna, wanda ke ba mutane dariya har sai ya same su. Mutum ɗaya, a fayil ɗin ofis an rubuta sunansa da cikakkun haruffa, a banki an gajarta, a katin NIN an sa sunan garinsu a ƙarshe, shekarar haihuwa kuma ta ofis ta girmi ta BVN da shekara biyu ko ta ƙanƙanta. Tun 2019 PenCom ta sa a sake ɗaukar bayanan masu asusun fansho a haɗa da NIN, amma da yawa ba su je ba har suka rasu. Mai rai zai je ya gyara da kansa. Mamaci kuwa sai rantsuwar kotu da wasiƙar ma'aikata cewa duk sunayen nan mutum ɗaya ne. Ki baje takardunsa a tabarma yau da dare, ki duba harafi da harafi. Naki ma ki duba, sunan da ke katinki ya zo daidai da na asusun bankinki da wanda za a rubuta a kotu.

Game da takaba, saura miki wata biyu da kwana goma. Malamanmu sun halatta wa mai takaba ta fita da rana don buƙatar da ba makawa, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ki tambayi malamin da kika amince da shi. Yawancin zirga-zirgar farko ma wakili zai iya yi, wanki ko babban ɗanki in ya kai. Amma akwai matakin da kamfanin fansho zai ce sai waɗanda kotu ta naɗa sun bayyana da kansu, a ɗauki hotonsu.

Hattara da abu biyu a wannan tsakanin. Kada a riƙa cire kuɗi da katin ATM ɗinsa. Daga ranar da ya cika, abin da ke asusun na magada ne duka, har da ɗan cikin amarya, kuma in albashi ya ci gaba da shigowa don ofis bai tsayar ba, za a neme shi daga baya, a zare daga haƙƙinku. Sannan duk wanda ya kira ki a waya ya ce daga ofishin fansho yake, ki turo wani abu a gaggauta fayil, ɓarawo ne. Kamfanin fansho ba ya karɓar kuɗi don biyan haƙƙin mamaci. In kun cika takardu aka yi ta ja muku rai, ku rubuta wa PenCom. Baya ga hedikwatarta a Abuja tana da ofishin shiyya a Kano da Gombe da Ilorin. Akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a a kowace jiha, kyauta take aiki.

Saboda wasu da za su karanta wannan halinsu ya bambanta da naki, bari in taɓa nasu a gurguje. Wanda ya fara aikin tarayya kafin tsakiyar 2004 yana da ƙarin haƙƙin shekarun baya da gwamnati ke zubawa a asusunsa, shi ne ya fi yin jinkiri a shekarun baya. Wanda ya riga ya yi ritaya, in yana karɓar fansho daga asusunsa kaɗan-kaɗan, ragowar na magada ne. In kuwa ya sayi fanshon har ƙarshen rai a kamfanin inshora, shekara 10 aka lamunce, in ya rasu kafin su cika a biya magada saura, in sun cika babu komai. 'Yan fansho na tarayya da ke kan tsohon tsari suna hannun PTAD, hukumar da ke biyan fanshonsu. Sojoji ba sa cikin wannan tsari, suna da hukumar fanshonsu. 'Yan sanda suna ciki. Ma'aikatan jiha kuwa kowa da dokar jiharsa: Kaduna ta koma tsarin asusun kowa da nasa a 2017, Kano da Jigawa suna da asusun haɗaka da hukumar jiha ke riƙewa, can ake bin giratuti da haƙƙin mamaci. Namijin da matarsa ma'aikaciya ta rasu shi ma hanyar nan zai bi, rabonsa rubu'i in ta bar ɗa, rabi in ba ta bari ba. Matar ɗan kasuwa ko manomi ko direba ita ce abin tausayi, domin in bai shiga ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar kansu da aka buɗe a 2019 ba, babu wani haƙƙi a wajen gwamnati, sai abin da hukumar zakka ta jiha ta ga dama ta ba marayu.

Na koma kan ƙanin mijinki. Ban ce ki ɗauke shi abokin gaba ba. Wataƙila shi ma da gaske ya ɗauka haka dokar take, kamar yadda rabin ma'aikatan ƙasar nan suka ɗauka. Kuma kuna buƙatarsa: sunansa ne a fayil, shi ofis zai kira, wasu fom ɗin ma sai ya sa hannu. Kada ki yi masa maganar da bakinki, kina takaba, surukarki na ji. A samu babba a dangi, ko limamin unguwa, a zauna bayan la'asar a gaban Hajiya, a karanta ayoyin gado na Suratun Nisa'i, a gaya masa yadda sashe na 8 ya ce. Sannan a yi masa tayin ya zama ɗaya daga cikin waɗanda kotu za ta naɗa, shi ya wakilci mahaifiyarsa, ke da amarya ku wakilci ɗakunanku, sa hannu uku. In ya yarda, ku tafi kotu tare. In ya ƙi, wasiƙar nan mai hatimin karɓa ta riga ta isa ofis, kuma kotun Shari'a na karɓar ƙarar rabon gado daga kowane magaji, ko da mace ɗaya ce ta shigar.